Wa Ke Zaɓa wa Yaran Dilimi Jami'a Yanzu?

Littafin JAMB ya ɓace daga gidajen unguwar Dilimi da ke Jos, kuma ba a ji wanda ya yi cigiyarsa ba. Waɗanda suka gama sakandare a shekarun 1980 da 1990 za su tuna shi: ƙaton littafi mai kauri, rubutunsa ƙanana har sai an matso da fitila, ana bayar da shi tare da fom idan an biya kuɗi a banki. A cikinsa aka jera kowace jami'a da kowane kwas da darussan da ake bukata kafin a shiga. Ba ya zama a gida ɗaya. Yana yawo daga wannan zaure zuwa wancan har gefunansa su nannaɗe, a ga ɗigon manja a wani shafi, a ga inda yayan wani ya ja layi da fensir a bara. Lokacinsa kuwa yakan faɗo cikin hunturu, irin sanyin Jos da ke sa a kawo kaskon garwashi zaure bayan sallar isha'i. Mahaifin da bai taɓa shiga aji ba sai ya aika a kira masa malamin firamaren da ke maƙwabtaka, ko wani ƙanensa da ke aiki a reluwe, a buɗe littafin, a karanta, a fassara, a yi gardama. Kawu ya ce Zariya, malam ya ce makin yaron ba zai kai ba, daga cikin gida a aiko da saƙon cewa Maiduguri ta yi nisa. Sai an kwashe kwanaki ana wannan kafin a ɗauki fensir a cike fom, domin kowa ya san idan an mayar da shi an gama.

Daga baya littafin ya koma faifan CD, daga nan ya shige intanet. Tun 2015 jarrabawar ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, a 2017 aka kawo tsarin CAPS na bayar da gurbin karatu, daga 2021 kuma ba a rajista sai da lambar NIN. Yau yaro yakan tura saƙo daga wayarsa, a turo masa lamba, ya karɓi kuɗi a hannun mahaifinsa a bakin shago, ya yi sammako zuwa cibiyar rajista. A can zai tarar da layi. Idan an zo kansa, ma'aikacin da ke gaban kwamfuta, wanda ke da jama'a jingim suna jiransa, zai tambaye shi ba tare da ya ɗago kai ba: "Wace makaranta? Wane kwas?" Abin da yaron ya ji abokinsa ya faɗa a kan layi, sau da yawa shi zai maimaita. Da yamma mahaifi ya ce, "Ka cike?" Ya ce, "Na cike, Baba." Ya ce, "To, Allah Ya ba da sa'a." Shawarar da za ta ci shekara huɗu ko shida na rayuwar yaro da kaso mai tsoka na jarin gidan ta ƙare ke nan cikin minti kaɗan, ba tare da wanda zai biya ya ji ko sunan kwas ɗin da kyau ba. Abin da nake son in tsaya a kai shi ne iyayen Dilimi sun janye daga wannan shawara daidai lokacin da ta fi bukatarsu, kuma dalilan da ake kawowa na janyewar ba su da ƙarfin da ake zato.

Kada a ɗauka zaman zauren nan aljanna ne. Da farko dai, wa ake yi wa zaman? Ɗa namiji. A gidaje da yawa yarinyar da ta fi yayanta ƙoƙari ba a buɗe mata littafin ko sau ɗaya, domin kafin ta kai ajin ƙarshe an riga an sa rana. Shi kansa namijin sau da yawa umarni ake ba shi da sunan shawara: ko likita ko lauya ko injiniya, kuma an ga yaran da suka ɓata shekaru suna faɗuwa a ilimin sinadarai alhali baiwarsu tana wajen lissafin kuɗi ko harshe. Wanda unguwarsu ba ta da ɗan boko mai kirki kuwa, ya shiga uku. Sannan akwai jiran wasiƙa. Takardar shiga jami'a takan zo ta akwatin gidan waya na ofishin wani, ta kwanta a aljihun tebur har a rufe rajista, yaro yana can yana zaton bai ci ba. Yanzu sakamako na fitowa cikin kwanaki, yaro yana ganin gurbin da aka ba shi a wayarsa, shi zai danna ya karɓa ko ya ƙi, kuma aikin 'yan hanya ya ragu ko da bai ƙare ba. 'Yan mata kuma sun cika layin rajista. Wani abin lura, a 1978 ɗin da aka kafa JAMB a cikinta aka ƙaddamar da ƙungiyar Izala a nan Jos, kuma duk abin da mutum zai ce game da ita, makarantunta da na sauran ƙungiyoyin addini da suka biyo baya sun saba wa gidajen Musulmin garin da ganin mace da jaka tana fita neman ilimi. Wanda ya ce da can ya fi ta kowace fuska, to bai tambayi yayyensa mata ba.

Sai dai akwai wani bambanci da masu yabon zamani ke tsallakewa. A da kuskuren zaɓi ba ya da tsada sosai. Lokacin da aka kafa JAMB jami'o'in ƙasar nan 13 ne kacal, dukkansu na gwamnatin tarayya, kuma ita Jami'ar Jos, wadda ta fara a 1971 a matsayin reshen Jami'ar Ibadan, ba ta wuce shekara uku da cin gashin kanta ba. Gwamnati na ciyar da ɗalibi a farashi mai rahusa, har ƙarin kwabo 50 a kuɗin abincin yini ya jawo tarzomar ɗalibai ta 1978, wadda aka yi ta neman a tsige Kanar Ahmadu Ali daga kujerar ilimi. Duk inda yaro ya faɗa cikin goma sha ukun nan zai samu gado da abinci da malamai, kuma idan ya gama bautar ƙasa aiki yana jiransa a ma'aikata ko banki ko kamfanin kuza, kafin farashin kuzar ya rushe a 1985. Yau jami'o'i sun haura 250, na tarayya da na jihohi da na kuɗi, wasu ingantattu, wasu allon suna ne da ginin haya. Masu rubuta jarrabawar sun kai kimanin miliyan biyu a shekara. A 2025 fiye da miliyan ɗaya da rabi daga cikinsu ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 jami'o'in tarayya da dama, har da ta Jos, sun ninka kuɗaɗen rajista, kuɗin mota da na ɗaki da na abinci kuma suka bi sahu. Ga yajin aikin malaman jami'a: wata tara a 2020, wata takwas a 2022. Zaɓi ya yawaita, tarko ya yawaita, kuɗin kuskure ya haura, amma zaman shawara ya ragu zuwa tambaya ɗaya a bakin shago.

Hujjar farko da iyaye ke kawowa ita ce, "Ni ban yi boko ba, me zan ce? Su suka san abinsu." Wannan tawali'u ne a inda bai kamata ba. Dubi yadda ɗan kasuwar Dilimi ke sayen tsohon injin mota. Ba ya jin daɗin bakin dillali ya zaro kuɗi. Zai tsuguna ya leƙa, ya shafa yatsa ya duba launin baƙin man, ya sa a juya masa shi ya saurara, ya tambayi daga wace mota aka ciro shi, ya kira bakaniken da ya yarda da shi, sannan ya lissafa nawa zai sayar ya fita. Bai karanta injiniyanci ba, amma ba a cucarsa. Mutumin nan ne kuma zai biya kuɗin makaranta shekara biyar bai taɓa taka harabarta ba, bai tambayi ko hukumar jami'o'i ta amince da kwas ɗin ba, bai nemi ko mutum ɗaya da ya gama can ya ji abin da yake yi yanzu ba. Tambayoyin da suka fi muhimmanci ba sa bukatar Turanci. Makin da yaron yake samu a gwaji ya kai abin da makarantar ta saba ɗauka? Kiredit biyar ɗinsa, da Turanci a ciki, da lissafi inda ake bukatarsa, sun dace da kwas ɗin? Darussa huɗun da zai rubuta su ne ake nema, ko zai ci maki mai kyau a wayi gari an ce haɗinsu bai yi ba? Ya san cewa yawancin jami'o'in da ake rububinsu ba sa waiwayar wanda ya sa su a zaɓi na biyu? Nawa ne kuɗin shekara guda idan an haɗa da ɗaki da abinci da mota? Duk wanda ya iya lissafin jari ya iya waɗannan. Matambayi ba ya ɓata, kuma Dilimi ta yau, ba kamar ta 1980 ba, da wuya a samu layin da babu mai digiri a cikinsa.

Akwai kuma ilimin da ba a cikin kwamfutar JAMB yake ba, a kan iyaye yake, kuma ga ɗan Jos shi ne ke yanke hukunci. Jami'o'in tarayya suna raba guraben shiga kashi uku: 45 cikin ɗari bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke yankin makarantar, 20 ga jihohin da aka ce sun koma baya a ilimi. Ma'ana, fiye da rabin guraben suna rataye da jihar da aka rubuta wa yaro. A Kano ko Katsina wannan ba abin tunani ba ne. A Jos ta Arewa, wadda aka ƙirƙiro a 1991, takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma tana cikin tushen rikicin da garin ya daɗe yana fama da shi. Gidaje da yawa a Dilimi da Gangare kakanninsu sun zo tun zamanin haƙar kuza a farkon ƙarni na ashirin, amma samun takardar a nan ba abu ne mai sauƙi a gare su ba, don haka wasu suke komawa garin da kakan ya fito, can Kano ko Bauchi ko Katsina, su karɓo. Ba wurin warware wannan gardama ba ne a nan, kuma kowane ɓangare yana da abin da yake faɗa. Amma yaro ɗan shekara 17 a gaban kwamfuta bai san wace takarda gidansu za su iya samowa ba. Zai rubuta jihar da ya ga dama, sai ranar tantancewa a nemi shaida, ko kuma ya zo neman tallafin karatu na jiha a ce ba nan yake ba. Mahaifinsa ne ya san sunan ƙauyen da mai unguwar da zai sa hannu. Wannan magana kamata ya yi a gama ta tun kafin a yi wa yaro NIN, domin gyara bayanai daga baya wahala ce da kashe kuɗi.

Haka batun hanya da wurin kwana. Waɗanda suka ga rikice-rikicen Satumbar 2001 da Nuwambar 2008 da Janairun 2010 suna ɗauke da taswirar garin da ba a zana ta a takarda ba: inda ake bi, inda ake kaucewa idan gari ya ɗau zafi, unguwar da ɗalibi zai kama ɗaki ya yi barci da ido biyu rufe. Iyaye Kiristoci ma irin lissafin da suke yi ke nan daga nasu ɓangaren, abin takaici ne amma gaskiya ce. A watan Agustan 2021 an dakatar da karatu a Jami'ar Jos saboda rikici, gwamnatocin jihohi suka aiko da motoci suka kwashe ɗalibansu. Ɗan Dilimi yana da wani gata a nan da baƙo ba ya da shi: zai iya hawa Keke daga gida zuwa harabar titin Bauchi ko ta Naraguta, ya dawo ya ci tuwon gidansu, ya tsaya a shago ranar Asabar. Ga gidan da jarinsa bai taka kara ya karya ba, wannan kaɗai zai iya zama bambanci tsakanin gamawa da yankewa a aji biyu. Wani gidan kuma zai ga gara Bauchi, jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, tafiyar kusan kilomita 130, ko Zariya ko Kano inda akwai dangi. Babu amsa ɗaya. Sai dai duk amsar da za a bayar, wanda ya san nauyin aljihun gidan da inda dangi suke ya kamata a ji ta bakinsa.

Hujja ta biyu ta fi ta farko nauyi, kuma matasa ne ke kawo ta: rayuwar yaro ce, a bar shi ya zaɓa, an gaji da iyaye masu tilasta likitanci. Na yarda da rabin maganar. Yaron da aka tura kwas ɗin da ba ya so yakan fito da takarda mai rauni da zuciya mai ciwo, kuma karin maganar nan ta abin da babba ya hango an sha fakewa da ita a danne yara. Amma a duba da kyau, yaron da iyayensa suka yi shiru ba shi ne ke zaɓa ba. Abokansa ne ke zaɓa masa, da abin da ya gani a TikTok, da ma'aikacin da ke son layi ya ragu. Shi ya sa ake samun aji guda kusan kowa ya rubuta likitanci a zaɓin farko, alhali guraben likitanci ƙayyadaddu ne a kowace jami'a, sai a zauna shekara biyu ko uku ana sake jarrabawa. A cikin jihar nan kuwa akwai kwalejin jinya da ungozoma a Vom, da ta fasahar lafiya a Pankshin, da kwalejin kimiyya da fasaha a Barikin Ladi, da kwalejin gandun daji da ta talabijin ta NTA da cibiyar koyon fim duk a cikin Jos. Yaro ba zai so abin da bai taɓa jin sunansa ba. Aikin mahaifi shi ne ya shimfiɗa masa abin da ke akwai da abin da gidan zai iya ɗauka, shi kuma ya ɗauki nasa a ciki. Kuma a wannan zaman a sa uwa. A tsohon zaure saƙonta kawai ake kawowa daga bayan labule, alhali ita ta san wanda ke iya zama da littafi har dare da wanda hannunsa ke ƙaiƙayin kwance rediyo, kuma sau da yawa kuɗin adashenta ne ke cike giɓin rajista.

Ba duk iyaye ne suka janye ba, wasu sun shiga da ƙarfinsu amma ido rufe, kuma nasu ya fi ciwo. Gudun yajin aiki da wahalar JAMB ya sa gidaje da dama suka miƙa kuɗi ga dillalan makarantun ƙetare. A Disambar 2023 ɗan jaridar Daily Nigerian, Umar Audu, ya fallasa yadda ya samo digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida, kuma a Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo. Waɗanda suka yi karatun gaskiya a can ma abin ya shafe su. Sudan kuwa, inda Hausawa suka daɗe suna tura 'ya'yansu kuma makarantunta ba na bogi ba ne, yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya sa aka kwaso ɗalibai karatu bai ƙare ba. Na biyun ƙaddara ce da ba wanda ya hango. Na farkon cinikin biri a sama ne, kuma tambaya ɗaya a wurin da ya dace da ta hana shi.

Saura masu cewa duk wannan ɓata lokaci ne, ga masu digiri nan suna tuƙa Keke, gara yaro ya zauna a shago ya koyi nema. A Dilimi wannan magana tana da shaidu a tsaye, domin an ga wanda bai wuce firamare ba ya gina gida ya je Makka, mai digiri yana karɓar albashi a hannunsa. Ban ga laifin mahaifin da ya zauna da ɗansa suka auna suka ga kasuwa ta fi masa ba. Wannan ma zaɓi ne, kuma ya fi digirin da aka yi don kunyar maƙwabta. Amma rashin aikin masu digiri dalili ne na a ƙara tsananta bincike kafin a zaɓa. Kasuwar kanta ta canza: kaya ana odarsu ta waya daga China da Dubai, kuɗi na tafiya ta banki, motocin da ke shigowa sai an jona musu kwamfuta kafin a gane ciwonsu. Unguwar da ke son asibitinta ya samu nas mace, makarantunta su samu malaman lissafi, kuma a ji muryarta a ofisoshin da ake yanke hukunci a kanta, ba za ta sallama karatun gaba da sakandare ba. Ga wanda kuɗi ne matsalarsa, tun 2024 akwai asusun lamunin ɗalibai na NELFUND ga 'yan makarantun gwamnati, babu ruwa a kansa, kuma ba a fara biya sai shekara biyu bayan bautar ƙasa. Ko a karɓa ko a bari, bashi ne, bai kamata yaro ya ci shi mahaifinsa bai sani ba.

Makarantun sakandaren unguwa da kwamitocin masallatai da ƙungiyoyin 'yan kasuwa za su iya ware yini guda kafin a buɗe rajista, a tara iyaye maza da mata da 'yan ajin ƙarshe, a kira 'yan unguwa da suka gama jami'a da kwaleji su yi bayani da Hausa, da alƙaluman kuɗi a fili. Ba ya bukatar tallafin kowa, tabarma ce da lasifika. Kafin a kai ga haka, Alhaji, rajistar JAMB a farkon shekara ake buɗe ta. Ka zauna da yaron da mahaifiyarsa tun a Disamba, a rubuta makaranta da kwas da jiha a takarda, ranar da zai je cikewa kuma ka bar wa yaran shago rabin yini ka bi shi.